Kwando da Kilo: Nazarin Ƙirar Bodin A-kori-kura a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda masu walda suke ƙera bodin ƙarfe su ɗora wa tsofaffin motocin a-kori-kura a yankin noman rani na Kura da Bunkure cikin Jihar Kano, da kuma irin Hausar da ake gudanar da aikin da ita. An bi asalin sunan motar ta fuskar ginin kalma, aka bayyana matakan ƙirar, sannan aka auna kalmomin sana'ar. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, ma'aunin da ake ƙera bodin da shi na gona ne, wato kwando da buhu, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinsa an yi shi ne bisa lissafin kilo. A tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ribar direba take, a nan kuma haɗarinsa yake. An kuma nuna cewa rabon da aka saba yi na sana'o'in gargajiya da na zamani ya sa manazarta Hausa sun tsallake wannan fage.

Muhimman kalmomi: a-kori-kura, ƙira, walda, kalmomin aro, noman rani

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ba ya gama digirin farko sai ya haddace kayan aikin maƙeri: uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi. Littattafai irin su *Zaman Hausawa* na Alhassan da Musa da Zarruƙ (1982) sun kafa wannan tubali, kuma sun yi abin a yaba. To amma da za a kai wannan ɗalibi bakin titin Kano zuwa Zariya, a tsayar da shi gaban rumfar mai walda a garin Kura, a ce ya ambaci sunan abin da yake gani, da wuya ya wuce uku. Ga ƙarfe ana yankawa, ga wuta, ga guduma, ga yaran shago, komai da Hausa ake yin sa, sai dai ba Hausar da aka karantar da shi ba ce.

Jaggar (1994), a littafinsa kan maƙeran birnin Kano, ya riga ya nuna cewa ƙira ba ta tsaya cik inda kakanni suka bar ta ba, ta yi ta karɓar sababbin kaya da sababbin kasuwanni a cikin ƙarni na 20. Wannan maƙala ta ɗauki wani reshe guda na wannan sauyi, reshen da ya fita daga gidan gado ya koma bakin titi, wato ƙera bodin mota. An zaɓi a-kori-kura ne saboda ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya da ta fi daɗewa tana shiga gona a ƙasar Hausa, an kuma zaɓi Kura da Bunkure saboda a can gona ba ta hutu, rani da damina.

2.0 Yankin da Motarsa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta ɗauko. Daga ita ne babbar magudana take ɗauko ruwa, ya gangaro da kansa ba tare da famfo ba, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000 a yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da shi. Da damina shinkafa ce ta mamaye filayen. Da rani kuwa sai alkama da masara da albasa da tumatir, kuma tumatirin nan ne ya raya kasuwar Kwanar Gafan, shi ne ma ya jawo kamfanin Dangote ya kafa masana'antar sarrafa shi a Kadawa, wadda ta fara aiki a 2016.

Abin lura ga wannan nazari shi ne hanyar da amfanin gona yake bi kafin ya hau kwalta. Hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa na ƙasa ne, ƙunci gare su, ga taɓo a inda ruwa ya yi ambaliya. Tirelar da za ta kai tumatir Legas ba ta isa bakin gona. Dole a sami ƙaramar mota mai juriya da za ta yi jigila tsakanin gona da kasuwa, ta shigo da taki ta fita da kwanduna.

Shekara guda bayan kammala Tiga, wato 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Daga cikin motocin Peugeot akwai ƙirar 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda Bahaushe ya haɗa ya kira Fijo. Ke nan ruwan Tiga da motar Kaduna kusan tare suka iso. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, sai gyara ya zama wajibi. An daina harhaɗa 504 a Kaduna tun tsakiyar shekarun 2000, amma waɗanda suka rage ba su daina aiki ba. Inji ana iya saukewa a ɗora wani, giya ma haka. Bodin baya shi ne ba a samun na kanti, kuma shi ne yake fara mutuwa, domin shi yake shan ruwan tumatir da gishirin takin zamani da danshin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Duka ukun abokan tsatsa ne. Idan daɓen ya ɓule, ba inda za a nufa sai wurin mai walda.

3.0 Sunan A-kori-kura

Kafin a shiga rumfar walda, ya kamata a tsaya kan sunan motar. Harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga cikakkiyar jimla mai sassa uku:

(1) a + kori + kura

Sashen farko, *a*, wakilin suna ne na umartau wanda ba ya fayyace mai aikatawa, irin wanda ake ji a cikin "a zo a gani". Na biyu aikatau ne ɗan giredi na 2, *kora*, wanda yake komawa *kori* idan suna ya biyo bayansa a matsayin karɓau. Na uku shi ne inda ake yawan yin tuntuɓe. Ba *ƙura* ta hanya ake nufi ba, duk da cewa motar tana tayar da ita, domin baƙin farko da karin sauti duk sun bambanta. Ba kuma garin Kura ake nufi ba. Kamannin rubutu ne kawai, ko da yake daɗin baki ne a ce a-kori-kura tana lodi a Kura. *Kura* a nan ita ce amalanken da ake turawa da hannu, wadda 'yan ga-ruwa da masu dako suke amfani da ita, wadda ita ma ta ari sunanta daga dabbar dawa. McIntyre (2006), a aikinsa kan harɗaɗɗun kalmomi masu aikatau, ya nazarci wannan siga mai farawa da *a*. A cikinta ne ake samun *a-ci-balbal*, kuma a kanta aka gina *A Daidaita Sahu*, sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, wanda daga baya ya bar shirin ya manne wa babur mai ƙafa uku.

Ma'anar sunan ke nan: ga motar da ta zo ta kori kura daga dako. Abin da ya fi jan hankali shi ne Bahaushe bai raɗa mata suna daga injinta ko kamfaninta ba, daga aikin bayanta ya raɗa. A idonsa kura ce da aka sa wa inji. Faransawa da ƙasashen da suka raina kuwa daga tamfol ɗin da ake rufe bayanta suka samo nasu sunan. Kowa da abin da ya hango, amma duk a baya suka tsaya. Saboda haka wanda yake ƙera bayan, a iya cewa shi yake ƙera abin da sunan yake nufi.

4.0 Ƙirar Bodi

4.1 Ciniki da Awo

Aikin yana farawa ne da magana, kuma maganar ba ta zane ba ce. Irin jimlolin da ake ƙulla cinikin da su su ne:

(2) Malam, so nake ta riƙa cin kwando ashirin ba a danne ba.

(3) Alhaji, in ka ce a ƙara mata tsawo, sai dai a ƙara mata sifirin.

A jimla ta (2) aikatau *ci* yana nufin ɗauka ko ƙunsa, kamar yadda ake cewa tukunya tana cin mudu biyu. Mai mota bai ambaci mita ko kilo ba. Ya ambaci kayan da zai ɗauka da halin da yake so su isa kasuwa. Aikin mai walda shi ne ya juya wannan buƙata ta koma inci da ƙafa a kan tef ɗin awo. Fassara ce tsakanin harsuna biyu na ma'auni, kuma a ka ake yin ta, sai ɗan abin da aka zana da alli a kan ƙarfe ko a ƙasa.

Kaya iri biyu ne suke jan ƙirar zuwa fuska biyu. Buhu yana da nauyi amma ba ya cin wuri, kuma ana jibga wani kan wani. Buhun taki kilo 50 ne, don haka buhu 20 sun cika tan ɗaya, wanda shi ne kusan iyakar abin da aka ƙera 504 ta ɗauka, alhali ko rabin tsayin bodin ba su kai ba. Kwandon tumatir kuwa akasin haka yake. Bakinsa faɗi, gindinsa tsukakke, zagayayye ne mai barin gurbi tsakaninsa da ɗan'uwansa, kuma idan aka ɗora wani kai tsaye a kansa, na ƙasa ya zama miya tun kafin a isa Kwanar Gafan. Shi ya sa bodin yankin tumatir yake tashi sama da sanduna, a gitta katako a yi wa kwanduna hawa na biyu. Matsalar ita ce mota ɗaya ce take yin aikin biyu. Bodin da aka ɗaga saboda kwando a watan Fabrairu, shi za a cika da buhunan shanshera a watan Oktoba, kuma idon mai lodi gurbi yake gani, ba ya ganin kilo.

4.2 Ƙarfe da Nauyinsa

Ana samo ƙarfen ne galibi daga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa na daga cikin wuraren da aka sani da shi, ko kuma daga hannun 'yan gwangwan idan aljihu bai kai sabo ba. Iri huɗu ne ginshiƙin aikin: ƙarfe mai kwarmi da ake shimfiɗawa a tsaye bisa casis, ƙarfe mai kusurwa da masu sana'ar suke kira *angul*, fayif na sanduna, da falle na daɓe da gefe.

A kan fallen daɓe ne lissafi yake fitowa fili. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85. A ƙaddara daɓen bodi mita 2 ne a tsaye, mita 1.5 a kwance, wato murabba'in mita 3. Idan aka sa falle mai kaurin milimita 2, nauyinsa kimanin kilo 47 ne. Mai milimita 3 zai kai 71, mai 4 kuma 94. Bambancin na farko da na ƙarshe ya kusa buhun taki guda, kuma buhu ne da motar za ta riƙa ɗauka a kowace tafiya, da kaya ko babu kaya, ba tare da an biya ta ko kwabo ba. Wannan daɓe kaɗai ke nan, ba a sa gefe da sanduna da ƙyauren baya ba. Mai mota yakan ɗauka cewa kauri shi ne ƙarko, yakan ma zargi mai walda da ha'inci idan ya ga falle siriri. Ƙwararre kuwa ya san ƙarfin daɓe yana ga ƙarafan da aka gitta a ƙarƙashinsa da kusancinsu da juna. Falle matsakaici bisa haƙarƙari masu yawa ya fi falle mai kauri bisa haƙarƙari biyu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya daina zama na masana kawai, ya shiga aljihun direba.

4.3 Haɗawa

Bayan an sauke tsohon bodi, akan duba casis a ga ko ya tsage ko ya karkace, domin gini bisa karkataccen tushe ɓarnar ƙarfe ne. Akan cire kan batir, a kuma nisanta tankin mai ko a sauke shi gaba ɗaya. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke haɗari, saboda tururin da ya rage a ciki shi yake fashewa.

Sai a yanka, a jera firam a ƙasa mai laushin daidai. A nan akwai wata dabara da ta cancanci a rubuta ta. Ba a liƙe gaɓa ɗaya gaba ɗaya a wuce ta gaba. Ɗosawa ake yi, wato ɗigon walda a kowace kusurwa, sannan a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. Idan awon biyu ya zo ɗaya, firam ya zauna. Dalilin wannan shi ne ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke idan ya huce, kuma yayin tsukewar yana janyo abin da ke kusa da shi. Wanda ya zuba wuta a gefe ɗaya zai tashi ya tarar firam ɗinsa ya murɗe. Saboda haka ake yin walda ana tsallake, nan kaɗan can kaɗan. Maƙerin gargajiya ma ya san halin ƙarfe da wuta, sai dai shi yana ɗumama ƙarfen duka ne ya sarrafa shi, mai walda kuwa yana narkar da wuri ɗaya ne yana fama da sauran da ya rage da sanyi. Sandar walda da aka fi amfani da ita a irin wannan aiki ita ce mai lamba 6013, geji 12 ga falle, geji 10 ga ƙarfe mai kauri. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, janareta ne yake ɗauke da yawancin aikin, kuma kuɗin mansa yana cikin kuɗin bodi.

Matakin da ya fi rarrabe gwani da ɗan koyo shi ne ɗora bodi bisa casis. Da noti ake ɗaure shi, a sa roba ko katako a tsakani. Casis yana murɗawa kaɗan duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, kuma a hanyar bakin magudana wannan ba ya ƙarewa. Idan aka liƙe bodi da casis da wuta, an hana shi wannan motsi, sai ƙarfin ya taru a bakin waldar, daga nan tsaga take farawa. Liƙewa ta fi sauri, ta fi arha, kuma ranar da aka karɓi mota ba mai gane bambanci. Sai bayan kaka ɗaya ko biyu.

Daga nan sai ƙyauren baya da sakatarsa, da ƙugiyoyin ɗaure igiya, da 'yan hudojin da ruwa zai riƙa tsiyayewa. A goge, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan a bi da launin da mai mota yake so. Rubutun da ake yi a jiki, na karin magana ko addu'a ko kirari, wani fage ne mai zaman kansa da ba a shiga ba a nan.

4.4 Ƙarin Tsawo da Ƙarin Sifirin

A koma ga jimla ta (3). Hanya mafi sauƙi ta sa bodi ya ci kwando da yawa ita ce a ja shi baya, ya zarce tayoyin baya fiye da yadda kamfani ya yi. Ga abin da hakan yake haifarwa. A ƙaddara tazarar tayar gaba da ta baya mita 3 ce, aka ɗora kaya mai kilo 400 a wurin da ya zarce tayar baya da santimita 75. Tayar baya ta zama kamar tsakiyar sikeli. Kayan zai ɗauke kilo 100 daga kan tayoyin gaba, ya jibga wa na baya kilo 500. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, kuma su ne suke yin mafi yawan aikin birki. Motar da gabanta ya yi sauƙi ba ta jin juyi yadda ya kamata. Idan aka haɗa da hawa na biyu na kwanduna, da 'yan ƙwadagon da sukan zauna a can ƙoli, nauyi ya koma sama, kwana kaɗan ya isa ya kifar da ita.

Maganin da aka saba yi shi ne ƙara ganyen sifirin. Gaskiya ne yana hana bayan mota durƙushewa, amma iyakar abin da yake yi ke nan. Bai ƙara wa aksil ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa birki ba. Hasali ma ya ɓoye alamar da direba yake gane cewa lodi ya yi yawa, wato zaman da bayan mota yake yi. A ganin mai wannan nazari, nan ne wurin da ƙwarewar mai walda take juyewa ta zama illa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin shi kaɗai. Kuɗin jigila a kan kwando ake biya, tumatir ba ya jiran gobe, direban da ya yi sawu uku a inda abokinsa ya yi biyu shi ya yi asara. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna kama lodin da ya wuce kima a kan titi, amma tun a rumfar walda aka yanke hukuncin yawan lodin, ranar da aka ja layin alli.

5.0 Hausar Rumfar Walda

Idan aka tattara kalmomin da aka yi amfani da su a sashe na 4, wani tsari yana bayyana. Sunayen kaya da na sassa kusan duk na aro ne daga Ingilishi: bodi, casis, sifirin, fayif, angul, noti, geji, fenti, tamfol, da ita kanta walda. An yi musu kwaskwarimar da aka sani. An saƙala wasali don raba cunkoson baƙaƙe, kamar a *sifirin*. Sautin da Hausa ba ta da shi ya koma /f/, kamar a *fayif* da *fenti*. An ƙara wasali a ƙarshe, kamar a *noti* da *geji*. Wasu sun yi nisa har sun sami jam'i irin na gida, *notuna*, sun kuma shiga salon magana, kamar yadda ake cewa notin kan wane ya kwance.

Aikatau kuwa na gida ne: yanka, lanƙwasa, huda, ɗosa, liƙe, goge, ɗaure, miƙar. Har sassan da ba a ari sunansu ba, daga gida da jiki aka ɗauko su: *daɓe* daga ɗaki, *ƙyaure* da *sakata* daga ƙofa, *haƙarƙari* daga jiki, *ganye* daga itace. Wato kayan baƙi ne, hannun da yake sarrafa su na gida ne. Wannan ya yi daidai da abin da masana aron kalmomi suka daɗe da lura da shi, cewa suna ya fi aikatau saurin ƙetare iyakar harshe. Amma a nan akwai ƙarin wani abu.

Babban aikatau na sana'ar shi ne *ƙera*. Ana cewa an ƙera bodi, kamar yadda ake cewa an ƙera fartanya. Daga wannan saiwa aka sami *ƙira* da *maƙeri* da *maƙera*. Sai ga shi mutumin da yake ƙera bodi ba a kiran sa maƙeri, ba a kuma kiran rumfarsa maƙera. *Mai walda* ne, jam'insa *masu walda* ko *'yan walda*. Aikatau ya faɗaɗa har ya kai ga kamfanin ƙera jiragen sama, amma sunan mai aikatawa ya tsaya inda yake. Dalilin ba na nahawu ba ne, domin babu abin da ya hana tsarin *ma-...-i* aiki a nan. Na zamantakewa ne. *Maƙeri* suna ne na gado, yana tafe da zuri'a da sarautar Sarkin Maƙera da kirari da makaɗa da imanin da ake da shi game da sirrin wuta. Walda kuwa koyo ce. Uba yakan kai ɗansa wurin wanda ba danginsa ba, yaro ya kira shi *maigida* ko *oga*, ya shekara yana riƙe ƙarfe da goge tsatsa kafin a ba shi sanda, daga baya a yaye shi. Harshe ya yarda aikin ɗaya ne, bai yarda mutanen ɗaya ba ne.

Wannan ne ya sa rabon gargajiya da zamani yake cutar da bincike. Mai nazarin al'ada yana ganin walda ta zamani ce, ba tasa ba. Mai nazarin harshe yana ganin kalmominta na aro ne, ya ɗauki biyar ya yi misali da su ya wuce. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, kafin sana'ar ta yaɗu, don haka ba a tuhumar sa. *Ƙamusun Hausa* na Jami'ar Bayero (2006) da na Newman (2007) na gama-gari ne, ba a gina su don su ƙure kalmomin sana'a ɗaya ba. Sana'ar da ta ciyar da gidaje fiye da shekara 40 a wannan yanki ta cancanci nata jerin kalmomi, da karin sautinsu da tsawon wasalinsu, a ɗauko daga bakin waɗanda suka koyi aiki a kan 404, tun suna raye.

6.0 Akwatin Roba

Akwai wani sauyi da ya fara taɓa ma'aunin kansa. Saboda yawan asarar da ake yi a cikin kwando, an daɗe ana tallata wa manoma da dillalai akwatin roba mai cin kimanin kilo 25, wanda ake ɗora wani kan wani ba tare da na ƙasa ya matse ba. Karɓuwarsa tana tafiyar hawainiya, domin yana da tsada, dole a dawo da shi daga Kudu, kuma masu saƙa kwando da masu sayar da shi suna da abin da za su rasa.

Ga mai walda, akwatin yana zuwa da wani lissafi daban. Mai kusurwa huɗu ne, yawanci santimita 60 ne da 40. Shimfiɗaɗɗen daɓe mai mita 2 da mita 1.5 ba zai ci fiye da 11 a hawa ɗaya ba, ko yaya aka juya su. Idan aka ƙara faɗin da santimita 10 kacal, ya zama mita 1.6, sai ya ci 13: layi biyu masu biyar-biyar da layi ɗaya mai uku. Ba a buƙatar gitta katako, ba a kuma buƙatar jan bodi baya. Sannan, a karon farko, abin da mai lodi yake ƙirgawa da ido yana da sanannen nauyi. Hawa uku na akwati 13 akwati 39 ke nan, kilo 975 na tumatir, kuma direba zai iya sanin cewa hawa na huɗu ya fitar da shi daga abin da motarsa za ta iya. Sunan abin ma bai gama zama ba a bakin mutane, wasu *kiret* suke cewa, wasu *akwatin roba*, wasu kuma *kwandon roba*, suna riƙe da tsohon suna a kan sabon abu.